Kada Ku Kashe Esi Don Ana Sanyi

Wata asubar Agusta, ana ruwa a hanyar Jos, mu biyar a mota, gilashi ya yi hazo har ba na ganin gabana. Ina tuƙi ina goga shi da hannun riga. Ni na jawo, domin na kashe esi wai ina tsimin mai.

Ashe in ka danna AUTO, motar kan tada kwamfireso ko ana sanyi, ya tsotse danshin numfashinmu, hita ta ɗumama busasshiyar iskar kafin ta bugi gilashi. Juyawar kwamfireson kuma tana kai mansa ga robobin esi, kada su bushe gas ya tsiyaye.

Ɗan man da ake tsimi bai kai ran fasinja ba. Direbobi, don Allah ku bar motar ta yi aikinta.