Wasiƙa Daga Guangzhou: Lissafin Hajiya Kaka

Ranar Litinin ina tsaye a bakin kasuwar Canaan da ke titin Guangyuan ta Yamma, ina jiran 'yan dako su kwashe min diloli, sai na kira kakata a Kano. Ƙarfe huɗu na yamma a nan, tara na safe a can.

"Maigida, ka tafi Sin ka bar ni ba kuɗin cefane," in ji ta, kamar kullum.

Na fara koka mata tsadar dala da kuɗin kwantena. Dariya ta yi. A gabanta aka daina kashe fam da sule a 1973, saboda haka hawa da saukar kuɗi ba ya ɗaga mata hankali. Hajiya ta kusa casa'in. Ba lallai ta tuna abin da ta karya da shi ba, amma za ta faɗa maka kalar zanen da ta ɗaura ranar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, tana goye da ɗan farinta.

Na ce, "Hajiya, in Allah ya kai mu baɗi zan zo, bari in sauke bashin da ke kaina."

Ta ce, "Baɗi naku ne, ku yara. Ni lissafina daga asuba zuwa lisha ne."

Da yawanmu mukan kira wannan rikicin tsufa, alhali ba shi ba ne. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abin da ya fi zama daram a ƙwaƙwalwar tsoho shi ne wanda ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Ita kuwa Farfesa Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford a Amurka ta nuna cewa idan mutum ya ga sauran lokacinsa kaɗan ne, sai ya rage neman sababbin abokai da ribar gobe, ya koma ga makusantansa. Ba yawan shekaru ke jawo haka ba, hangen ƙarshe ne. Ita da Helene Fung sun ga haka a Hong Kong, maƙwabciyarmu: lokacin annobar SARS a 2003, matasa ma sun koma zaɓen 'yan uwa kamar yadda tsofaffi ke yi.

Mu nan shaida ne. A watan Afrilun 2020, da korona ta sa aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal, wasu har suka kwana a titi, ban ji wanda ya yi zancen farashin shadda ba. Kowa uwarsa yake nema a waya. Makonni kaɗan muka yi a cikin lissafin da Hajiya ke ciki kullum, ana buɗe kasuwa muka manta.

Ɗan uwa da ke ci-rani ko karatu, idan ka kira tsohuwarka, kada ka tsaya a kan "ya jiki?" Tambaye ta garin da aka kai ta amarya da wanda ya raka ta. Nan ne take da abin faɗa, kuma ranar da ta tafi, da shi za ta tafi.

Ni dai na sayi tikitin watan gobe. Na gaya wa mai bi na bashi, ya ɓata rai, amma ya yarda zai jira.