Zauren Iyali: Wasiƙar Watan Disamba

Da hunturu ya kama, malamai a wasu makarantun boko, nan Tibati ko can Garwa, sukan sa yara su rubuta wa Père Noël wasiƙa da Faransanci: gaisuwa, shaidar cewa sun yi biyayya bana, sannan roƙon keke ko ƙwallo.

Al'adar daga Turai ta zo. A Faransa, tun 1962 gidan waya ya buɗe ofishin amsa irin waɗannan wasiƙu, yanzu yana garin Libourne, kuma ma'aikata ne ke amsawa.

Ba ma ƙin yaro ya koyi roƙo cikin ladabi, domin rubutun wasiƙa ilimi ne. Damuwarmu alkawarin da ke ciki, wai mai ladabi ake ba kyauta. To ɗan masunci a Mbakau, wanda ya yi biyayya shekara guda amma kifi bai yi kasuwa ba, me zai zata? Sai ya ɗora wa kansa laifi, alhali aljihun mahaifinsa ne ya gaza.

Mu gaya musu gaskiya, iyaye ne ke saye. Idan Sallah ta gabato, su rubuta wa kawu ko kaka, a ba direba ya kai. Ko takalmin bai samu ba, kawu zai bugo waya.