Dashen Haƙori Nan Take: A Fara da Dasashi

Duk manomin da ya taɓa kafa dirka a inda gara ta yi gida ya san makomar rumfarsa. Haka lamarin dasa haƙori yake a bakin da ciwon dasashi ya ci.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Suwidin ne. A shekarar 1952 Farfesa Brånemark ya lura cewa ƙarfen taitaniyam yakan haɗe da ƙashin zomo har ya gagara ɓamɓaruwa, a 1965 kuma ya dasa wa mutum na farko. A al'ada akan jira watanni ramin ya warke bayan an cire haƙori. Daga 1976 likitoci a Jamus suka fara dasawa a ranar da aka cire, abin da ke rage yawan tiyata da tsawon jira.

To, amma me ya kayar da haƙorin tun farko? Ƙwayoyin bakteriya ne da ke taruwa a cikin daskararren datti a gindin haƙori, su kumbura dasashi, sannu a hankali ƙashin muƙamuƙi ya zaizaye. Cire haƙori ba ya korarsu daga baki. Suna nan a gindin sauran haƙoran, kuma sukan koma kan ƙarfen. Shi kuwa ƙarfen ba shi da siraran zaruruwan nan da ke ɗaure haƙorin halitta da ƙashi, saboda haka ɓarna takan fi saurin ci a kewayensa. Shan taba da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna ƙara wa wutar itace.

Ba a musun cewa dashen nan take yakan yi nasara idan an share ramin sarai, ana kuma duba majiyyaci a kai a kai. Wannan sharaɗi na biyu shi ne matsalarmu. Mutumin Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko falken da bai iya barin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sau nawa zai iya zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a shekara? Daga Gumel ma tafiya ce ta fiye da kilomita 100.

Ra'ayina shi ne, a yankinmu a fara kankare dattin, a magance dasashin, a tabbatar jini ya daina zuba idan an yi asuwaki, sannan a yi zancen ƙarfe. Ɗalibin da ya ga jini a asuwakinsa kowace safiya, ya je likita ya duba shi tun haƙoran ba su fara girgiza ba.