Wayar mota: mu gyara tun wuta ba ta tashi ba

Mutanen Ngigmi ba su manta da watan Janairu na 1990 ba, lokacin da motocin tseren Pari-Dakar suka sauko daga Dirku, suka ratsa jahar Difa zuwa Njamena, sannan suka dawo ta garinsu kafin su nufi Agadas. Wani mutumin Finlan mai suna Ari Vatanen ne ya ci tseren shekarar cikin mota Peugeot 405. A tseren 1992 ma sun sake biyowa ta Ngigmi. Daga baya tseren ya bar Afirka, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, ya koma Saudiyya a 2020. Ba mu zo yabon wannan wasa na masu kuɗi ba, domin ƙura ya bar mana, a wasu ƙauyukan Afirka ma ya bar makoki. Amma akwai darasi guda a cikinsa da ya kamata mu ɗauka.

A 2021 masu shirya tseren suka buɗe wani rukuni na tsofaffin motoci, waɗanda aka ƙera kafin shekarar 2000. Ke nan irin motocin da suka ratsa ƙasarmu shekaru talatin da suka wuce, an fiddo su daga ma'ajiya an maida su cikin rairayi. Duk wanda ya san aikin tada tsohuwar motar tsere ya san cewa ba a amince wa tsohuwar waya. Akan bi ta ɗaya bayan ɗaya, a cire wadda ta bushe, a sa sabuwa mai kaurin da ya dace da aikinta, a ba kowane layi nasa fizibil, wato abin da wasu ke kira fis. Dokar tsere kuma ta wajabta makunni guda mai yanke wutar mota gaba ɗaya, wanda direba zai iya kai hannu gare shi yana zaune, na waje ma zai iya kashewa. Har alama aka yi masa, jan tartsatsi cikin shuɗin kusurwa uku, don mai kawo gudummawa kada ya tsaya nema.

To, mu waiwayo gida. Wanda ya tsaya a tashar Difa ranar kasuwa zai ga sa'o'in waɗannan motoci: tsofaffin Toyota masu buɗaɗɗen baya, da Peugeot 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, da manyan kamyo masu jigilar buhuna. Su ne ke kwaso tattasai daga gonakin bakin Komadugu, su ne ke ɗauko banda daga wajen tafkin Cadi, su ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Bayan harin da aka kai Difa da Boso a watan Fabrairu na 2015, hukuma ta hana hawan babur, nauyin jigila ya ƙara komawa kan waɗannan tsofaffin motoci. Motar tsere mutum biyu take ɗauka na makonni biyu a shekara. Tamu kuwa takan ɗauki mutum ashirin da kayansu, rani da damina, kuma sau da yawa akwai jarkokin fetur na injin ban-ruwa a ɗaure a bayanta. Wace ce ta fi cancanta a kula da wayarta?

Na taɓa shiga irin wannan mota daga Maine Sorowa zuwa Difa. Muna cikin tafiya bayan magariba sai fitila ta ɗauke. Yaron mota ya sauko, ya buɗe akwatin fizibil, ya cire wanda ya ƙone, ya naɗa takardar azurfa ta kwalin taba ya cusa a gurbinsa. Fitila ta dawo, fasinjoji suka yi ta sa masa albarka. Ba mu ci kilomita biyar ba sai ƙaurin roba ya cika motar, hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari. Da ƙyar aka sami abin kwance kan batir. Allah ya kiyaye rayuka, amma a bakin hanya muka kwana.

Abin da yaron nan bai sani ba, kuma laifin wanda bai koya masa ba ne, shi ne fizibil mai gadi ne. An yi shi da rauni da gangan, domin in wuta ta fi ƙarfin waya shi ya tsinke, waya ta tsira. Idan ya ƙone, yana ba da labarin cewa akwai ciwo a wani wuri. Wanda ya maye gurbinsa da ƙusa ko da tagulla mai kauri ya kori mai gadi ya bar ɓarawo cikin gida. Batirin mota bolt 12 ne kawai, na manyan motoci 24, shi ya sa mutane ke raina shi tun da ba ya jan mutum kamar wutar gida. Amma idan wayar da ta zube ta taɓa ƙarfen mota, batirin nan yakan turo ɗaruruwan amper a lokaci guda, waya ta yi ja kamar garwashi kafin a ƙifta ido.

Ga wani lissafi da duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya yi da alli. Ƙwan babbar fitila wat 55 ne. Guda biyu sun zama wat 110. A raba da bolt 12, an sami kusan amper 9, kuma gwargwadon haka kamfani ya zaɓi wayar. Sai mai mota ya ƙara manyan fitilu biyu masu wat 100 kowace, don ya hango ramuka da dare, ya jona su kan wannan waya. Ya ƙara mata kusan amper 17. Wayar da aka yi don ɗaukar 9 yanzu tana ɗauke da 26. Kayan raƙumi ne aka aza wa jaki. Gyaran kuwa sananne ne: a ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a sa mata nata fizibil kusa da batirin, a haɗa ta da rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa makunnin direba nauyi.

Ƙasarmu ma ba ta tausaya wa waya. Zafin bazara yana busar da robar da ke rufe ta har ta tsattsage. Girgizar hanyar da ba kwalta tana goga ta da bakin ƙarfe, musamman inda zoben robar da ke cikin huda ya faɗi ba a maida ba. Ƙura da laimar fadama suna cin mahaɗa, wayar masa da ke ɗaure a jikin mota ta yi tsatsa, mota ta ƙi tashi, a ɗora wa batir laifi a sayi sabo a banza. Ga kuma wayar araha da ta cika kasuwa, wadda samanta tagulla cikinta alminiyom. A kankare ta da wuƙa, in ta yi fari a bar wa mai ita kayarsa. Araha ba ta ado.

Wani zai ce talaka ba ya da kuɗin sake wayar mota gaba ɗaya. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a yi haka rana ɗaya ba. Amma fizibil nawa ne, idan aka gwada shi da lodin tattasai da manomi ya yi wata da watanni yana yi wa ban-ruwa, wataƙila ma da bashi ya sayi takin? Makunnin yanke wuta ƙaramin abu ne, kuma ɗaura shi ba ya cin wuni. Ajiye fizibil na ko-ta-kwana cikin aljihun mota bai fi ƙarfin kowane direba ba, ko wanda bai iya karatu ba, tun da na zamani launi ne ke nuna ƙarfinsu: ja amper 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya ƙone a maida irinsa, in ya sake ƙonewa a tsaya a nemi ciwon.

Saboda haka muna kira ga mahukunta kan abu uku. Na farko, ma'aikatan da ke duba lafiyar motoci kada su tsaya ga birki da taya da ganin fitila ta kama. Su buɗe akwatin fizibil, su duba ko batir a ɗaure yake, su ƙi sa hannu ga motar haya da aka naɗe wayarta da leda. Na biyu, cibiyoyin koyon sana'a na jahar su ba aikin wutar mota muhimmanci, su kuma shirya gajeren horo da maraice domin masu gyaran da suka koyi aikin a garaji, waɗanda hannunsu ya iya amma ba a taɓa nuna musu taswirar waya ba. Na uku, ma'aikatar yaƙi da jahilci ta fitar da ɗan littafi cikin Hausa da Barbarci, mai zane da lambobi, a raba shi a tashoshi ta hannun ƙungiyoyin direbobi.

Ku kuma fasinjoji, ranku ne a cikin motar. Wanda ya ji ƙaurin roba ya yi magana tun da wuri, kada ya ji kunyar direba. Wanda ya ga ana cusa takardar taba a gurbin fizibil ya hana, ko da za a ce ya cika surutu. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma sa wa noman bakin Komadugu albarka.