Kyankyason Bature da Masu Yi Mana Dariya

A wajen wani taro na ji wani ɗan boko yana kushe Hausawa, wai mun lalata Ingilishi tunda muke cewa asibiti da tebur da fensir. Ban tanka masa ba a lokacin, amma ina so shi da ire-irensa su saurari tarihin kyankyaso.

Sunan wannan ƙwaro a Ingilishi, wato cockroach, ba gadon Turawan Ingila ba ne. Daga Sifaniyanci suka aro shi, inda ake kiransa cucaracha. A shekarar 1624 Kyaftin John Smith, wanda ya yi zama a Bajiniya ta Amurka, ya rubuta shi da siffar cacarootch, gwargwadon yadda kunnensa ya jiyo. Da kalmar ta yi wa bakin Bature nauyi, sai ya datsa ta biyu, ya jingina kowane ɓari da abin da ya sani: cock, wato zakara, da roach, wani kifin kogunan Turai. Kowa ya san kyankyaso bai haɗa dangi da zakara ba, in ban da tsakaninsu akwai cin nama, balle kuma kifi. Mu a fagen nazarin harshe mun san wannan ɗabi'a: mai magana yakan sassaƙa baƙuwar kalma har ta yi kama da 'yar gida.

Abin bai tsaya nan ba. A ƙarni na 19 Amurkawa suka yar da zakaran, suka bar roach kawai, daga baya ma 'yan shaye-shaye suka laƙaba wa guntun tabar wiwi wannan suna.

Haka suka yi wa el lagarto na Sifaniyanci, suka haɗiye harafin bayyanawa, kalmar ta koma alligator, daidai da yadda kakanninmu suka yi wa Larabci a alƙali da alƙalami.

Damuwata ita ce ɗalibanmu. Saboda irin wannan ba'a, wasunsu kan ji kunyar rubuta kwamfuta ko asibiti a takardar Hausa, sai su cusa rubutun Ingilishi tsagwaronsa, wanda mai karatu a ƙauye ba zai iya furtawa ba. Ƙamusun Oxford bai kori cockroach don an gurɓata ta ba. Tarihinta ya rubuta, ya ba ta gurbi. Editocinmu da malaman makarantunmu su yi wa asibiti irin wannan adalci.