BINDIGA BA TA TASHI DA KANTA

Jama'a, akwai wata magana da mu ka gaji da jinta. Duk ran da harsashi ya sami wani bawan Allah a bakin hanya ko wajen farauta, sai a ce wai bindiga ce ta tashi da kanta. Mu dai ba mu yarda ba. An ba mutum bindiga ne, an koya masa ɗanawa da harbi, ba a tsaya an koya masa kwance ta ba.

Mu ɗauki bindigar nan mai sakata, watau Lee-Enfield, wadda Ingila ta fara ba sojanta a 1895. Samfurinta na 1941 shi mutanenmu su ka sani a hannun soja da 'yan sanda da sunan Mak 4. Tana cin harsashi 10. Halinta shi ne, da ka tura sakata ka rufe, ta ɗauki harsashi ta kai maƙogwaro, ta kuwa ɗanu ke nan.

To, ga inda ɓarnar ta ke. Mutum ya ɗana, bai harba ba, yana so ya rataya ta. Sai ya riƙe bayan sakata da babban yatsa, ya ja kunama, ya sassauta a hankali, ya ce ya kwance. Kai, ina! Harsashin yana nan, allurar da ke dukansa kuma yanzu ta kwanta a kan gindinsa. Bindigar ta faɗi, ko ta bugi ƙofar mota, shi ke nan. Wannan ma in yatsan bai zame ba tun farko, balle da gumi a hannu. Wasu kuma kan tsayar da ita rabin ɗani su ce sun kulle. Ba don a riƙa yawo da ita haka aka yi wannan matsayi ba.

Hanyar gaskiya ba wuya. A juya bakin bindiga inda ba kowa, yatsa nesa da kunama. A fara cire gidan harsashi, maɓallinsa na nan gaban kunama. Sa'an nan a buɗe makulli, a ja sakata baya, na maƙogwaro ya fito. Wanda ya ja sakata ya mayar bai cire gidan ba, ya fid da ɗaya ne ya sa wani. A duba da ido, a kuma sa ɗan yatsa a taɓa, gama da almuru ido kan yi ƙarya, wani lokaci kuma sakata kan dawo ta bar harsashi a ciki. Sai an tabbata ba kome za a danne kunama a rufe sakata, allura ta kwanta ba ƙara. Har a sa'an nan ma kada bakin ya kalli mutum.

Bindigar Jamus ta Mauser, ta 1898, ta ɗan fi sauƙi, don makullinta yana da matsayi na tsakiya da ke riƙe allura ya bar sakata ta buɗu. Lee-Enfield kuwa, sai an buɗe makulli sakata ta ke motsi, saboda haka lalle a ƙara kula.

Muna kira ga duk hukumar da ke raba bindigogi, kada ta miƙa wa kowa sai ya kwance ta a gaban shugabansa an gani. A kuma ajiye ganga cike da yashi a ƙofar ɗakin makamai, kowa ya dawo daga aiki ya sa bakin bindigarsa ciki kafin ya taɓa sakata.