RA'AYI: Ƙofar Kayan Jirgi Da Ran Talaka

Duk wanda ya tashi daga Ikko ko Fatakwal ya sauka filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe a Abuja, ba ya rasa hango waɗansu samari cikin riguna masu ƙyalli suna kai da kawowa a ƙarƙashin jirgi. Su ne masu buɗe ƙofar kaya, su sauke, su loda, su kulle. Fasinja ba ya sanin sunansu, alhali kuwa ransa, bayan ikon Allah, yana hannunsu.

Wannan ba zancen baki ba ne. Ran 12 ga watan Yuni, 1972, wani jirgin American Airlines ƙirar DC-10 ya tashi daga Detroit ta Amurka, ƙofar kayansa ta ɓalle a sama. Bincike ya nuna makullin ya ƙi shiga, ma'aikacin ya danna shi da gwiwa, alama kuwa ta nuna ƙofa ta kullu. Allah ya kiyaye, jirgin ya sauka babu asarar rai.

Ba a ɗauki darasi yadda ya kamata ba. Ran 3 ga watan Maris, 1974, wani DC-10 na Turkish Airlines ya tashi daga Faris zai tafi Landan, ita ma tasa ƙofar ta ɓalle, daɓen jirgin ya rufta, wayoyin tuƙi suka tsinke, mutum 346 suka halaka. An riga an huda ɗan tagar leƙe a jikin ƙofar don a tabbata makulli ya shiga, amma babu wanda ya gaya wa mai lodin amfaninta. Gargaɗin da aka liƙa kuma da Turanci ne da Turkanci, shi kuwa ba ya karanta ko ɗaya daga cikinsu. Daga baya ta tabbata babban laifin na ƙirar ƙofar ne da gyaran da aka ce an yi, alhali ba a yi ba.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko da yake an gyara ƙirar ƙofofin jirage tun tuni, haɗarin da ke kan ma'aikaci yana nan. Ƙofar nan waje take buɗewa, tana da nauyi, iskar hadari irin ta daminar Abuja tana iya fizgarta ta maka wa mutum. Ga faɗowa daga injin lodi, ga datse yatsu, ga ƙarar inji mai kurmantarwa, ga ciwon baya. Kan duka kuma ga gaggawa, domin jirgin da ya makara asara ce ga kamfani, ƙaramin ma'aikaci kuwa shi ake yi wa tsawa.

Saboda haka wajibi ne kamfanonin lodi, irin su NAHCO wanda aka kafa a 1979, da SAHCO wanda ya fito daga tsohon Nigeria Airways, su riƙe abu uku. Na ɗaya, kada a bar kowa ya taɓa ƙofar jirgi sai an horar da shi kan wannan ƙirar jirgin. Na biyu, a yi bayani da harshen da ma'aikaci ke ji. In Hausa ce, a yi da Hausa. Babu ƙasƙanci cikin haka. Na uku, duk wanda ya ji makulli ya yi gardama a ba shi ikon tsai da aiki ya kira injiniya, ba tare da tsoron kora ba.

Hukumar NCAA, wadda doka ta ɗora wa sa ido kan sufurin sama, lalle ta riƙa duba takardun horon nan da kanta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta tilasta wa masu kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa in ya rasu. Hakki ne, ba alfarma ba.

Sauran magana ga 'yan Arewa mazauna Agege, Idi-Araba da Sabon Badun, waɗanda da yawansu dako da lodi ne abincinsu, 'ya'yansu kuma ke neman aiki a Ikeja da Abuja. Kunyar tambaya ba tarbiyya ba ce a gindin jirgi. Wanda bai gane rubutu ba ya ce bai gane ba. Wanda ƙofa ta ƙi masa kada ya gwada mata ƙarfi, ko wa ke masa tsawa. Ya shiga ƙungiyar ƙwadago irin su NUATE, ya kuma nemi sanin ko sunansa na cikin rajistar diyya. Sarakunan Hausawa da limamai na zango su ma su tuna wa matasa wannan. Jirgi ya makara da minti goma ya fi a yi zaman makoki a gida ɗari uku.